Gandu da Rinji: Yadda Aka Yi Noma a Manyan Gonakin Kano da Zazzau a Ƙarni na 19

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna karanta labarin manyan gonakin auduga da rake na Amurka, inda bayi suka yi aiki a ƙarni na 19. Wani ya ce mini mu ma an yi irinsu a ƙasar Hausa, wai su ne gandu da rinji. Gaskiya ne? In haka ne, yaya ake noman, me ake shukawa, kuma yaya zaman mutanen ciki yake?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wanda ya gaya maka bai yi kuskure ba, an yi su, kuma da yawa. Zan tsaya a kan ƙasar Kano da Zazzau, don a nan ne bayanin aikin gonar ya fi fitowa dalla-dalla.

Mu fara da kalmomin, saboda gandu iri biyu ne. Akwai gandun gida, wanda har gobe ake yi: uba da 'ya'yansa da ƙannensa su noma gona ɗaya, a ci daga rumbu ɗaya. Wanda kake tambaya shi ne ɗayan, babbar gonar sarki ko hakimi ko attajiri da bayi ke nomawa a ƙarƙashin wani shugaba da ake kira sarkin gandu. Rinji kuwa shi ne ƙauyen da bayin ke zaune a gefen gonar. A ƙasar Sakkwato da ta Nufe tunga ake cewa, a Adamawa rumde. Sunayen ba su ɓace ba. Ga Gandun Albasa nan a cikin Kano, ga Rumde a Jimeta, ga ƙauyuka barkatai masu amsa sunan Rinji.

Gandun sarki ya girmi jihadi, amma bayan 1804 ne abin ya bunƙasa. Yaƙe-yaƙe sun kawo kamammu masu yawa, sannan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya dage a kan kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro masu ganuwa a bakin iyaka. Ribaɗi kuwa ba ya zaunuwa sai da hatsin mayaƙa da harawar dawaki. Dubi Fanisau, arewa da birnin Kano. Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya mayar da ita sansani a yaƙinsa da Ɗan Tunku, wani jagoran Fulani da ya yi masa tawaye, a can ma Baturen nan Clapperton ya je ya gai da Dabo a 1824, kuma a hankali gandaye suka kewaye ta. Haka Ɗorayi da Nassarawa da Takai, duk akwai gandayen sarakunan Kano, waɗanda manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ke lura da su daga birni. Wani gandun na sarauta ne, in an tuɓe mai riƙe da ita ya bar shi ga magajinsa. Wani kuma mallakar mutum ne, 'ya'yansa su gada. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun zuba ribar fatauci a irin na biyun, kuma sunan Kundila, babban attajirin Kano na ƙarshen ƙarnin, yana cikin waɗanda aka fi ambata.

In kana son ka gane dalilin da ya sa aka tsara komai yadda aka tsara shi, riƙe wannan lissafin. Bajamushen nan Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa a Zazzau ana karɓar harajin wuri 500, kuɗin wancan zamani, a kan kowace fartanya, kuma fartanya ɗaya na iya noma abin da zai ba da dami 100 zuwa 200 na hatsi. Bisa ma'aunin da ya bayar, dami 25 ke ci da mutum ɗaya shekara guda. Ke nan a shekarar albarka, ƙato ɗaya na noma abincin mutum huɗu zuwa takwas. Cire iri, cire zakka, cire cin yara da tsofaffi, abin da ya saura shi ne ribar mai gandu. Ƙasa kuwa, in ka fita daga karkarar birni, tana nan ba mai nomawa, ka gai da mai gari ya yanka maka. Hannun da zai riƙe fartanya shi ne ya yi ƙaranci. Shi ya sa Zazzagawa suka ɗora haraji a kan fartanya maimakon faɗin gona, shi ya sa kuma ake auna arzikin mai gandu da yawan bayinsa.

Duk aikin nan da hannu aka yi shi. Garmar shanu ba ta shigo Arewa ba sai ƙarshen shekarun 1920. Kayan aikin su ne gatari da masassabi na sharar daji, sungumi mai dogon ƙota na saran shuka, fartanya ta noma, garmar hannu mai faffaɗan baki ta huɗa, magirbi na kayar da kara, sai lauje na ciyawa da shinkafa. Ƙarfen daga tama aka narko shi, yana da laushi, ƙasa na cinye bakinsa da sauri. Don haka kafin ruwa ya sauka sai an kai kayan maƙera an yi musu ƙari da dashi, kuma sarkin gandun da ya yi sakaci da wannan zai ga mutum goma a tsaye fartanya bakwai.

Shekarar noma da rani take farawa. A sabon fili ana sassabe, a tara, a bari ya bushe, a sa wuta, tokar ta zama takin farko. Ba a taɓa ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, don su ne daddawa da mai da miya. Gawo ma ana barinsa, saboda shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma dabbobi su taru a gindinsa cin 'ya'yansa su bar kashi. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina. A Zazzau, inda daji ke da yalwa, in gona ta gaji sai a bar ta saura ta huta shekaru. A kewayen Kano babu wannan sararin, gona ɗaya ake nomawa shekara da shekaru, kuma taki ne ya riƙe ta. Tun daga sanyi har bazara jakuna ke fita ƙofofin birni da mangaloli cike da shara da toka da kashin awaki, su komo da itace da kara. Ana jibge takin tsibi-tsibi, ba a baza shi sai ruwa ya kusa, don kada iska ta kwashe, rana ta ƙone. Hanya ta biyu ita ce a shirya da Fulani su sauka a gonar bayan girbi, shanu su ci kara su kwana a wurin, ana matsar da garken daga wannan gefe zuwa wancan, mai gona ya ba su hatsi. Gandun sarki na da wata riba a nan, ta takin bargar dawaki.

Ruwan shuka shi ne wanda in ka tona da hannu har tsawon tafi ba ka tarar da busasshiyar ƙasa ba. A Kano yakan zo tsakanin ƙarshen Mayu da Yuni, a Zazzau ya ɗan riga. Washegarin irin wannan ruwan ba mai zama a rinji. Mutum biyu-biyu ake yi: ɗaya na gaba da sungumi yana sara a kowane taku, na baya, yawanci mace ko yaro, yana jefa iri da 'yan yatsu uku yana rufewa da diddige. Gero ake fara sawa, don cikin wata uku ya nuna, shi ke fitar da gida daga yunwar damina. Bayan mako ɗaya ko biyu a bi da dawa a tsakani, farfara ko kaura. Wake sai an yi noman fari, wajen Yuli zuwa Agusta. Kanawa na da tsarin da suke kira gicci, inda layin gero ke ratsa kunyoyin dawa a gicciye da tazara, don kowanne ya sami rana. Hikimar cakuɗawar ita ce ba a sa rai ga abu ɗaya. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya tsira, in ya yi jinkirin zuwa dawa ta rama, wake kuma na rufe ƙasa yana gyara ta.

Gandu mai faɗi ba ya shukuwa a kwana biyun da laima ke ɗauka, shi ya sa ake binne, wato a shuka gero a busasshiyar jigawa kafin ruwa. In ruwa mai ƙarfi ya zo, an ci riba, shukar ta riga ta kowa. In yayyafi ne ya jiƙa sama kawai, ƙwayar ta tsiro ta ƙone, an yi asarar iri sai an sake. Tururuwa da zabin daji ma na tone nasu rabon. Gurbin da bai fito ba ana cike shi da dashe lokacin marka, da dawar da aka ciro daga inda ta yi yawa.

Noman fari, wanda manoma ke kira firi, a nan gandu ke tashi ko ya faɗi. Ciyawa tare take fitowa da shuka, kuma ta fi ta sauri. Tsakanin mako biyu zuwa uku bayan tsiro dole a kewaye gonar kaf. Wanda ya wuce haka zai ga geronsa ya yi rawaya ya siranta, kuma ko an nome daga baya ba ya komawa daidai. A lokacin ne ake cira, a rage kowane gurbi ya koma ƙafa biyu ko uku, in ba haka ba su yi ta kokawa da juna, zangarniya ta fito ƙanana. Ciyawar ma ba ɗaya ba ce. Harƙiya da ƙarangiya in an sare su rana ta doke su, sun mutu. Tofa da kiri-kiri da jiji saiwarsu a ƙasa take, sai an tono. Balasana kuwa in aka nome ta aka yi ruwa a daren, gobe ta sake kamawa, sai an kwashe ta an fitar bakin gona.

Ana jera ma'aikata sahu guda, kowa da kunyarsa, a sa ƙarfafa a gaba su ja sauran, sarkin gandu na biye yana duba wanda ya binne ciyawa maimakon ya sare ta. In aiki ya fi ƙarfin 'yan rinji, gandun sarki na da damar kiran gayya, talakawan ƙauyukan kewaye su fito da fartanyoyinsu, a kawo gangar noma da maroƙa, a yi fura da tuwo. Kada daɗin kiɗan ya ruɗe ka. Ranar da talaka ya yi a gandun sarki, a daidai makon da tasa gonar ke neman sa, rana ce da aka cire daga bakin iyalinsa. Bayan firi sai maimai, bayan an yanke gero kuma a yi wa dawa huɗa da garma, a tara mata ƙasa a gindi don ta riƙe laima kuma kada iskar ƙarshen damina ta kwantar da ita.

Babban maƙiyin dawa da gero shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar hatsi yana tsotsa, kafin ka ga furensa mai kyan gani ya gama ɓarna. Gindi ɗaya na zubar da ƙwaya dubbai, kuma ƙwayar na iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma tana jira. Gajiyayyar gona yake so. Maganin da suka sani, wanda har yau ake amfani da shi, shi ne taki, da cire shi kafin ya yi fure, da juya gonar zuwa auduga ko gyaɗa. Akwai kuma burtuntuna da ke mayar da zangarniyar dawa baƙin gari, akwai tsutsar kara, akwai jan baki da ke sauka a kan gero lokacin da ya yi madara. Korar tsuntsu aikin yara ne, daga fitowar rana har faɗuwarta, a kan rumfa da majajjawa da igiyoyin da aka rataya wa fasassun ƙore. Fara kam in ta zo, sai addu'a.

Gero na shiga hannu wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, dawa sai Nuwamba zuwa Disamba, bayan iskar hunturu ta busar da ita. A kayar da kara da magirbi, a jera, a yanke kai, a shanya, a ɗaure dami. Sarkin gandu ya ƙirga a gaban wakilin mai gandu, a ware ɗaya cikin goma na zakka. Ba a sussuke hatsin ajiya. Da zangarniyarsa ake jera shi a rumbu, don ƙaiƙayi da soshiya na kare shi daga ƙwari, kuma gero a haka na iya shekaru. Rumbun a kan duwatsu ake ɗora shi saboda gara da laima, a rufe da jinka. Kuskure biyu ke cinye rumbu: zuba hatsin da bai gama bushewa ba, sai ya yi zafi ya yi fumfuna daga tsakiya, da kuma jinkar da aka bari tana yoyo. Wake ya fi komai wuyar ajiya, ƙwaro tun daga gona yake shigarsa, shi ya sa ake barinsa a kwanso ko a cakuɗa shi da toka ko rairayi a tulu a liƙe baki. Babu abin da ake yarwa. Harawa ta dawaki, kara na danga da girki, ƙaiƙayi na dabbobi.

Hatsin nan ba rinji yake zama ba. Wani ya tafi gidan sarki da barga, wani kasuwar Kurmi, wani kuma Buzayen Azbin su saya in sun sauko da gishirin Bilma, su koma da shi hamada. Amma abin da ya fi kawo kuɗi shi ne auduga da baba, saboda Kano masaƙa ce da marina. Barth ya ƙiyasta tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da wuri dubu 50 zuwa 60 ke riƙe iyali guda shekara. Kowane zare a cikin wannan daga gona ya fito. Kudancin Kano da arewacin Zazzau da kudancin Katsina da Zamfara su ne ƙasar auduga. Ana shuka ta a kan kunya bayan an sami sararin firi, wajen Yuli, wanda kuwa yana rage mata yabanya, amma ciki ne ke gaba. Tsinka da hunturu ake yi, zagaye uku ko huɗu, mata da yara, kuma sai raɓa ta bushe, don jiƙaƙƙiyar auduga na canza launi a ajiya. Daga nan sai gurza da sandar ƙarfe a kan dutse, inda wajen kashi biyu cikin uku na nauyin ke tafiya a angurya, sai shiɓa da baka, sai kaɗi da mazari. Wannan aikin ne ke cinye ranin matan rinji. Mace ɗaya ba ta iya ci da masaƙi ɗaya da zare, sai an haɗa hannun mata da dama.

Baba kuwa ana yankan sa ne yana gab da fure, lokacin da ganyen ya fi ƙarfin launi, kuma gindi ɗaya na sake tohowa a ƙara yanka. A sassara, a daka, a tara ya ruɓa, a cura a shanya, sannan a kai karofi a Kura ko Ƙofar Mata. Wanda ya bari ya tsufa a gona, ko ruwa ya doke shi a shanya, marini na gani zai karya masa kuɗi. Kowace rijiyar rini a Kano na biyan wuri 700 a shekara a zamanin Barth, magidanci kuma na biyan kuɗin ƙasa 2,500, ban da kuɗin shuka da kuɗin rafi da ake ɗora wa amfanin sayarwa.

Inda gandu ya haɗa da fadama, ba hutu da rani. Shinkafa da rake da rogo da dankali da taba a nan suke, alkama da albasa kuma da sanyi ake yin su a fangali, ana ɗebo ruwa da jigo guga-guga. Aiki ne mai karya baya, shi ya sa zakkar abin da aka yi wa ban ruwa take rabin ta damina, ɗaya cikin ashirin.

Yanzu zaman mutanen. Bayanin da tsofaffin Zazzau suka bari ya nuna yinin bawa kashi uku ne. Da asuba ya tafi gayaunarsa, wato 'yar gonar da ubangidansa ya yanka masa. Da hantsi, wajen ƙarfe tara da rabi, kowa ya hallara a gandu. Da rana tsaka a kawo abinci daga gidan ubangida, tuwon dawa da miyar kuka ko fura, a ci a gindin bishiya, a koma har azahar, wajen biyu da rabi. Daga nan ya sake komawa gayauna har almuru. Juma'a hutu ce, wasu wuraren a ƙara masa wata rana guda. Wasu na kawo wannan tsari a matsayin shaidar sauƙi, ni kuwa ban ga haka ba. Gayauna dabara ce da ke sauke wa mai gandu nauyin ciyarwa: shi ya ɗauki tsakiyar yini, lokacin da jiki ke da ƙarfi, ya bar wa bawa gefe-gefe ya ci da kansa da 'ya'yansa. Makon da gandu ke neman firi, a makon gayauna ma ke nema, kuma an san wadda za ta jira. Duk da haka gayaunar ce kaɗai abin da bawa ke iya cewa nasa ne. Abin da ya noma a ciki yana iya sayarwa ya sayi akuya, ya yi saƙa ko kaɗi da rani, ya tara wuri.

Matan rinji tare da maza suke noma, alhali matan ubangida na kulle. Bayan gona kuma ga daka da surfe da ɗebo ruwa da itace. Sabon kamu, wanda aka kawo daga ƙasar Gwari ko duwatsun Bauchi ko kudancin Zazzau ko Adamawa, ba ya jin Hausa, sai a haɗa shi da tsohon bawa ya koya masa harshe da salla da riƙon garma, a kuma sake masa suna. Sunayen da kansu labari ne: Nagode, Nasamu, Alheri. Ɗan Rimin Kano na ƙarshen ƙarnin ma sunansa Allah Bar Sarki. Ubangida ne ke aurar da bayinsa, don mai iyali ba ya saurin gudu, kuma ɗa na bin uwa, wato mai uwar ne ke da ɗan. Wanda aka haifa a gidan shi ne bacucane a Kano, dimajo a Zazzau, kuma abin kunya ne a sayar da shi, ko da yake bashi da rabon gado sun sha karya wannan al'ada. Kuyangar da ubangida ya sa ɗaka ta haifa masa, ɗanta ɗa ne, ita ma ta 'yantu ranar da ya rasu. Da kaka rinji na yin kalankuwa da dambe da kokawa kamar kowane ƙauye, bori kuma na da ƙarfi a cikinsa.

Ƙofofin fita biyu ne. Murgu shi ne bawa ya daina zuwa gandu, ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangida wani adadi da aka yanka, amma yana nan bawa. Fansa ita ce a yanka masa kuɗin kansa, ya biya a hankali ko danginsa su biya, a shaida a gaban alƙali. Wanda ya ƙi aiki akwai bulala da mari da turu, a Kano kuma akwai Gidan Ma'ajin Watari, inda iyayengiji ke kai bayi horo. Abin da aka fi tsoro shi ne a kai mutum kasuwa a raba shi da 'ya'yansa. Gudu bai taɓa yankewa ba, kuma da damina aka fi yin sa, lokacin da ciyawa ta yi tsawo. Masana tarihi na ƙiyasta bayin daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu da rabi. Shari'a ta hana bautar da Musulmi ɗa, shugabannin jihadi sun yi rubutu a kan haka, amma a yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 an kama Musulmi an sayar.

Shekarun masifa sun fi faɗa wa rinji. A yunwar Banga-banga ta 1855, da irinta, wanda ba shi da rumbun kansa shi ke fara jin jiki. Mutanen Ningi na kawo hari kudancin Kano, Maraɗawa daga arewa, Damagaram a ƙarshen shekarun 1890, kuma mutanen da ke tsakiyar gona su ne ganimar farko, shi ya sa ake kewaye rinji da shinge ko ganuwa. Annobar shanu da Fulani suka kira sannu, wadda ta iso wajen 1890 zuwa 1891, ta kashe mafi yawan garkuna, gonakin da suka dogara da takin shanu suka yi shekaru suna ramewa.

Game da kwatanci da Amurka, akwai kama: babbar gona, aikin tilas a sahu, mai tsaro a baya, har gayauna ma bayin Jamaika sun yi irinta. Bambancin shi ne can auduga ɗaya ko rake ɗaya ake nomawa don jiragen ruwa su kai Turai, da injin gurza da aka ƙirƙiro a 1793 da matatun sukari. Nan gandu abinci ya fara nomawa, audugarsa kuma a masaƙun ƙasar take ƙarewa. Can launin fata ya zama tambarin bauta har jikoki, nan jikan bawa na iya narkewa cikin gari, bawan sarki ma ya riƙe sarautar da hakimai ke shakka. Wannan bambanci gaskiya ne, sai dai bai rage wa wanda aka kamo daga ƙauyensu aka ɗora masa garma komai ba.

Dokar Lugard ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, bayi masu ɗimbin yawa suka watse, wasu suka nemi hanyar garuruwansu. Turawan sun ji tsoron noma ya durƙushe, sai suka tura sauran ga murgu da fansa ta kotunan alƙalai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, kuma wani kaso na gyaɗar farko a tsofaffin gandayen nan aka noma ta, da hannun mutanen da ke neman kuɗin fansar kansu. Ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936.